Tsire-tsiren ƙasar gishiri: a kara da ƙwallon da ake zubarwa ma akwai amfani, amma a yi awo tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani kan wata kalma da ta cika bakin masu tallar garin ganye da shayi a Facebook da WhatsApp, wato antioksidan. Kwanan nan an fara haɗa ta da tsire-tsiren da ke fitowa a ƙasar gishiri, ana cewa sun fi kowane ganye ƙarfi. Maganar tana da tushe, sai dai an yanke mata kai da ƙafa. Tsire-tsiren suna ɗauke da waɗannan sinadarai da yawa, kuma sassan da ake zubarwa bayan girbi sukan riƙe kaso mai tsoka. Amma tsakanin lambar da aka karanta a ɗakin gwaji da cokalin da mutum zai kai baki akwai gishiri, akwai tsakuwar ƙoda, akwai kuma yadda aka shanya kayan.

Duk wanda ya yanka gauta ko dankalin turawa ya bar shi a iska ya ga yadda fuskar take yin duhu. Man gyaɗan da ya daɗe a buɗe shi ma yakan canza wari ya riƙa maƙaƙi. Aikin iskar oksijin ke nan, dangin tsatsar da ke cin ƙarfe. Antioksidan shi ne duk sinadarin da ke tare wannan ɓarna ko ya jinkirta ta, kamar bitamin C, bitamin E, karotin da babban gidan sinadaran da ake kira folifenol.

Abin da ya sa tsiron ƙasar gishiri ke tara su ba ɓoyayye ba ne. Ruwan teku yana da gishiri kusan gram 35 a kowace lita. Masara ko wake ba sa kai ko kusa da haka kafin su ƙone. Tsire-tsiren da masana ke kira halofayit su ne waɗanda ke iya girma har su yi iri a ruwan da ke da kusan gram 12 na gishiri a lita ko fiye, kuma ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 na tsire-tsiren duniya ba. Idan gishiri ya yi yawa a saiwa, tsiro yakan tsuke ƙofofin numfashin ganyensa don kada ruwa ya tsere. Rana kuwa ba ta daina dukansa ba. Ƙarfin hasken da ya kamata ya tafi wajen haɗa abinci sai ya rasa inda zai shiga, ya koma yana haifar da wasu ɓurɓushin oksijin masu cin bangon ƙwayoyin halitta. Don kare kansa ne tsiron ke ƙera folifenol da bitamin C da jan launin da ake kira betalen, yana kuma tura gishirin cikin wata jaka a tsakiyar ƙwayar halitta. Wato abin da masu talla ke kira magani, a wurin tsiron sulke ne.

Duniya ta mai da hankali kansu saboda ƙasar noma tana lalacewa. Taswirar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ta nuna fiye da hekta miliyan 833 da gishiri ya taɓa. A Dubai akwai cibiyar ICBA da aka kafa a 1999 musamman don noman ruwan gishiri. Tsiron da ya fi suna a wannan fage shi ne salikoniya, wani ɗan tsiro marar ganye mai gaɓa-gaɓa cike da ruwa, da ke fitowa a bakin teku. Ana noma shi don kasuwa a Fotugal da Faransa da Holan da Isra'ila da Meziko, a Koriya kuma ana busar da shi a daka a yi garin ɗanɗano. An taɓa yin babbar gonarsa da ruwan Bahar Maliya a kusa da Massawa ta ƙasar Eritiriya.

A nan ne maganar sassan da ake zubarwa ta taso. Abin da kasuwa ke so a salikoniya shi ne ɗanyen kai mai laushi, tsawon kamar santimita 10, wanda ake yanka duk bayan 'yan makonni. Tsiron na shekara ɗaya ne. Da yini ya fara gajarta sai ya yi fure, karansa ya yi itace, korensa ya koma ja, ba mai saye kuma. Wannan ragowar tana da yawa ƙwarai, ga shi ba ta shiga taki yadda ya kamata don gishirinta zai koma gona. Wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi daga 2019, mai suna AQUACOMBINE, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Aalborg ta Denmak, ya ba da ƙarfi kan yadda za a ci moriyar wannan tsohon kara. Hanyar da ake bi mai sauƙin fahimta ce. Idan tsiron yana da sauran ruwa, sai a saka shi a injin matsa. Ruwan da ya fita shi ke tafiya da mafi yawan gishirin, tuƙar da ta rage kuma ita ke riƙe da zare da sinadaran da ke manne da shi. A cikin karan ana samun folifenol irin su asid ɗin kulorojenik da ferulik da kafeyik, da kuma kwasetin da isoramnetin. Wasu suna narkewa da an jiƙa garin. Wasu, musamman ferulik, a ɗaure suke da bangon ƙwayar halitta, ruwan zafi kaɗai ba ya sakin su, sai an yi amfani da ruwa mai kaifin kanwa ko zafi mai tsanani a rufaffiyar tukunya. Shi ya sa ɗalibin da ya jiƙa garin kara na awa ɗaya ya auna zai rubuta cewa karan ba shi da komai, alhali bai taɓa rabin abin da ke ciki ba.

Haka abin yake ga wani tsiron duwatsun bakin Bahar Rum mai suna Crithmum maritimum a ilmance. A yankin Marche na Italiya ana tsinke ganyensa a adana a man zaitun, a zubar da kara da fure. Ganyen yana da bitamin C, har matuƙan jirgin ruwa na da can suna cin sa don gudun ciwon da ke sa dasashi jini, kuma asid ɗin kulorojenik, irin wanda ke cikin ɗanyen kofi, shi ne kan gaba a folifenol ɗinsa, har a sassan da ake zubarwa.

Iri ma yana barin nasa. Nau'in salikoniya na gaɓar Amurka da Meziko yana ba da iri mai kusan kashi 30 cikin 100 na mai, kuma da man da aka sarrafa daga gare shi aka gauraya man wani jirgin Etihad da ya tashi daga Abu Dabi zuwa Amstadam a Janairun 2019. Tunkuzar da ta rage tana da furotin sosai, amma tana da saponin, sinadari mai ɗaci da kumfa, wanda ke rage wa kaji ci da girma idan an zuba musu da yawa. Saponin ɗin nan ne ke ɓawon kinuwa, hatsin tsaunukan Boliviya da Peru da ke jure gishiri, shi ya sa ake goge shi ko a wanke har kumfa ta ƙare kafin a dafa. Dusar kinuwa tana nuna ƙarfi a gwajin antioksidan, amma wannan bai mai da ita abinci ba. Ta fi dacewa da sabulu da maganin ƙwari.

Yanzu ga inda muka fi so mai karatu ya tsaya, wato yadda ake samo lambobin da ake talla da su. Gwajin da aka fi yi shi ne DPPH. Sinadari ne mai launin shunayya da ake narkarwa a metanol, a ɗiga ruwan ganyen, a ajiye a duhu minti 30, a duba yadda launin ya koɗe zuwa rawaya da na'ura a ma'aunin haske na 517. Akwai wasu gwaje-gwaje makamantansa, FRAP da ABTS, akwai kuma gwajin Folin da ake cewa yana auna jimillar folifenol. Kowannensu yana da inda yake yaudara. Folin ba ya bambanta folifenol da bitamin C ko wasu nau'o'in sukari da furotin, duk yana lissafa su tare. Jan launin tsohuwar salikoniya yana shan haske dab da inda ake karanta DPPH, don haka wanda bai auna ruwan ganyen shi kaɗai ya cire lambarsa ba, sakamakonsa ya karkace. Gishirin da ke cikin samfurin yakan sa ruwan ya dagule idan ya haɗu da metanol, dole a juya shi a injin tacewa ko a tace kafin karatu. Sannan lambar da ake kira IC50, wato yawan samfurin da ake buƙata don koɗar da rabin launin, ƙanƙantarta ce ke nuna ƙarfi. Ba sau ɗaya ba ake ganin an juya wannan a takardar talla, an yi alfahari da babbar lamba.

Akwai wani kuskuren da ya keɓanta da waɗannan tsire-tsire. Idan aka busar da salikoniya, kusan sulusin nauyin busasshen toka ne, galibinta gishiri. Wanda ya kwatanta gram ɗaya na garinta da gram ɗaya na garin zogale bai yi adalci ba, sai ya fara ƙona samfuri a tanda mai zafin digiri 550 ya san yawan tokar, ya yi lissafi a kan abin da ya rage. Haka kuma wanda ya ba da lamba bai faɗi ko ɗanye ya auna ko busasshe ba, bai faɗi komai ba, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyen tsiron ruwa ne. Bambancin zai iya kai ninki 10.

Ko da an yi awon daidai, abin da ya faru a kwalbar gwaji ba shi ke faruwa a jikin mutum ba. Hanji ba ya tsotse folifenol sai kaɗan, wanda ya shiga kuma hanta takan sauya shi nan da nan. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta taɓa wallafa jadawalin ƙarfin antioksidan na abinci iri-iri, a 2012 ta janye shi, saboda lambobin ba su nuna amfani a jikin ɗan Adam ba, kuma 'yan kasuwa sun mai da su abin talla. Kafin nan, a 1994, wani babban gwaji a ƙasar Finlan a kan maza kusan 29,000 masu shan taba ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. Cin ganye da 'ya'yan itace yana da amfani, babu gardama. Tattara sinadari ɗaya a ɗura wa mutum da yawa wani abu ne daban.

Sai batun gishirin kansa, wanda masu sayar da "koren gishiri", wato garin salikoniya, ba sa son a tayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce gram 5 na gishiri a yini. Da lissafin da muka kawo a sama, gram 100 na ɗanyar salikoniya yana da busasshen abu kamar gram 10, wanda kusan gram 3 a ciki toka ce. Ƙaramin faranti ɗaya ya cinye kusan rabin kason yini. Garinta ya fi gishirin kanti ƙarancin sodiyom a kowane cokali, gaskiya ne, amma idan mai girki ta ninka cokalin don ta ji ɗanɗano, an dawo gidan jiya. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya ɗauka an ba shi lasisi. Ana rage gishirin ta hanyar tsoma ɗanyen a tafasasshen ruwa minti 1 zuwa 2, a tsame a saka a ruwan sanyi, a zubar da ruwan farko. Amma bitamin C da asid ɗin kulorojenik su ma masu narkewa a ruwa ne, suna bin gishirin su fita. Duk mintin da aka ƙara, an sayi raguwar gishiri da asarar abin da ake nema.

Bayan gishiri, haɗari na biyu shi ne oksalet, wani sinadarin da ke cikin wasu ganyaye. Dangin tsiron atirifileks da ake shukawa don kiwo a Arewacin Afirka da Ostireliya suna da shi da yawa, haka ma harshen saniya, wanda wasu ke kira fasa-ƙaba, ɗan tsiron nan mai kaurin ganye da jan kara da ke shimfiɗa a lambu, yana jure gishiri daidai gwargwado. Oksalet yana kama kalsiyom, kuma shi ne ginshiƙin mafi yawan tsakuwar ƙoda. Tafasawa a zubar da ruwan yana rage mai narkewa, cin ganyen tare da nono ko kindirmo kuma yana sa ya ɗaure da kalsiyom tun a hanji ya fita. Shanya kaɗai ba ta rage shi, tattara shi ma take yi. Na uku ƙarafa masu guba. Dabarar da tsiron ke bi ya ɓoye gishiri tana sa wasunsu su tara kadmiyom da dalma, har ana shuka su da gangan don tsabtace gurɓatacciyar ƙasa. Duk abin da ya fito a bakin magudanar masana'anta, ko inda ruwan majema ke bi, ko kusa da wurin haƙar ma'adinai, ba na ci ba ne komai kyan ganyensa, saiwarsa kuwa ta fi haɗari.

A wajenmu ba mu da bakin teku, kuma ba muna kiran kowa ya je neman irin salikoniya ba. Amma muna da ƙasar kanwa da gishiri a Manga da Dallol Boso da gaɓar Tafkin Chadi, manoman rani kuma sun san farin ɓawon da ke tasowa a fadamar da aka daɗe ana ban ruwa ba magudana. Muna da itacen asuwaki, wanda Larabawa ke kira arak, mai jure gishiri sosai, 'ya'yansa kuma ana ci. Mutanen gaɓar tafkin sun daɗe suna ƙona shi su tace tokar su fitar da gishiri. Wannan gishirin ma'adinai ne zalla, wuta ba ta barin folifenol ko bitamin, kada wani ya tallata shi da sunan antioksidan.

Babban abin da muke zubarwa, a ganinmu, ƙwallon dabino ne. Dabino yana cikin itatuwan marmari da suka fi jure ruwa mai gishiri, shi ya sa ya zauna a Bilma da sauran dausayin Kawar, ga kuma tashar binciken dabino a Dutse ta Jihar Jigawa. Ƙwallon yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin dabino, ke nan kowane kilo yana barin gram 100 zuwa 150. A watan azumi da wajen masu kunun aya da masu ruwan dabino, buhu-buhu ake zubarwa. Folifenol ɗin da ke cikin ƙwallon ya fi na naman dabinon yawa nesa ba kusa ba, sauran kuma galibi zare ne da ɗan mai.

Wanda zai sarrafa shi ya fara da wanki. A jiƙa, a cuɗa har duk ragowar nama da farar fatar nan su fita, domin sukarin da ya rage shi ke jawo fumfuna, shi ne kuma ke ƙonewa ya ba gari ɗaci. Ƙwallon da aka tsinta daga bola ko aka tofar a ƙasa ba ya cikin lissafi, a nemi wanda aka cire da wuƙa ko da hannu wajen masu sarrafawa. A baza a tire a inuwa mai iska kwana 2 zuwa 3, a jefar da duk wanda ya yi baƙi ko ya huje. A gasa a zafin digiri 180 zuwa 200 na minti 20 zuwa 30, ana motsawa, har ya yi launin ƙasa-ƙasa mai duhu, ba baƙi ba. Gashin da ya wuce haka yana cinye folifenol ɗin. A bari ya huce, a farfasa a turmi kafin a kai inji, don ɗanyen ƙwallo ko wanda bai gasu ba yana karya haƙorin injin markaɗen gida. A tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye inda haske ba ya shiga. Cokalin shayi 1 zuwa 2 a kofin ruwan zafi ya isa. Ba shi da kafeyin. Amma yana da tanin mai yawa, irin abin da ke sa goro bauri, kuma tanin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini kada su sha shi a kan abinci, a ba da tazarar awa 1 zuwa 2.

Ga ganye kuwa, ko na harshen saniya ko waninsa, shanya ce ke yanke hukunci. Da an yanka ganye, wani sinadarin da ke cikinsa yana fara cin folifenol, shi ne duhun da ake gani. Ganyen waɗannan tsire-tsire mai kauri ne mai riƙe ruwa, yana daɗewa bai bushe ba, ga gishirin cikinsa yana jawo laima daga iska, don haka garin yakan dunƙule ya yi fumfuna ko bayan an ɗauka ya bushe. A tsoma a tafasasshen ruwa minti 1, a tsane, a baza sirara a kan raga a inuwa, ko a na'urar busarwa a zafin digiri 40 zuwa 60. Rana kai tsaye a kan kwano tana koɗar da karotin da bitamin C. Ya bushe idan ya karye ƙaras a hannu, kuma a rufe shi a ranar. Wajen miya, kanwar da ake jefawa don ganye ya yi laushi ya riƙe kore tana lalata bitamin C, gara a rage ta a kuma saka ganyen a ƙarshen girki.

Dabbobi za su iya cin ragowar tsire-tsiren gishiri, da sharaɗi. A gwajin da aka yi da 'yan tumaki a Arizona, an sa tsire-tsiren gishiri su zama kusan kashi 30 cikin 100 na abincinsu, sun yi girma daidai da sauran, sai dai sun fi shan ruwa. Inda ruwan sha ke da wuya ko shi ma yake da gishiri, wannan lissafin ba zai tsaya ba.

Muna kira ga sassan kimiyyar abinci na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su karkatar da ɗalibai daga maimaita DPPH kaɗai zuwa inda lambar ke da ma'ana kai tsaye, wato hana abinci lalacewa. A jiƙa garin ƙwallon dabino kashi 1 a cikin kashi 10 na ruwan da aka gauraya da etanol rabi da rabi, a tace, a busar da ruwan har etanol ɗin ya tashi duka, a zuba ɗan kaɗan a man gyaɗa. A ajiye kwalba uku a tanda mai zafin digiri 60, ɗaya ba komai, ɗaya da wannan, ɗaya da BHT, sinadarin hana mai lalacewa da masana'antu ke amfani da shi, a riƙa auna yawan feroksayid, alamar lalacewar mai, duk bayan kwana 3 har mako 3. Idan ya yi aiki, masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kilishi su ne za su fara amfana. A kowane rahoto kuma a rubuta inda aka samo samfurin, watan da aka girbe shi, yadda aka busar, yawan toka, sodiyom, oksalet, dalma da kadmiyom. Masu sayar da irin wannan gari su ma a tambaye su lambar rajistar NAFDAC da yawan sodiyom a kowane cokali kafin a biya kuɗi.

Mun gode da ba mu wannan fili.

Naku,
Wasu masu nazarin kimiyyar abinci da ƙasar noma,
Kano.